Genta Ya Shayar da Furanni

Akwai wata mata a ƙauyenmu ana kiranta Kazue, mai hannun aiki amma ba ta da haƙurin tambaya. Ɗanta Genta, ɗan shekara huɗu, bakinsa ba ya hutawa.

Da bishiyar sakura ta yi fure, mutane suka baza tabarmi a gindin itatuwa suna ciye-ciye. Kazue kuwa kwando ta ɗauka. Za a yi baikon ƙanwarta, kuma a wurinmu ba a tarbar dangin ango sai da ruwan zafi mai furen da aka jiƙa a gishiri.

Ta tsinko furannin, ta jera a tulu, ta zuba gishiri, ta danne da dutse. Genta yana tsugune.

"Mama, gishirin ba ya yi musu zafi?"

"Matsa."

"To me za su sha a ciki?"

"Kai, wannan baki naka! Tafi ka yi wasa."

Ya tafi, amma tambayar ba ta tafi ba. Kullum da safe sai ya lallaɓa ya tsiyaya musu ruwa da butar shayi.

Ranar da Kazue ta ɗaga dutsen, wari ya tarbe ta. Furanni sun ruɓe, na bishiyoyin ƙauye kuma duk sun zube.

"Wa ya taɓa min tulu?"

"Ni ne," in ji Genta, har da fara'a. "Ƙishirwa suke ji. Ke kin manta da su."

Kazue ta ɗaga hannu za ta mare shi. Surukarta, tsohuwa Tome, ta ce daga bakin murhu, "Sauke. Ya tambaye ki, ina jin ku. Me kika ce masa?"

Kazue ta sauke hannun.

Tsohuwar ta lalubo fure ɗaya tak da ya rage na bara, busasshe kamar ƙwaro, ta jefa a kofi, ta zuba ruwan zafi. "Zo nan, sarkin tambaya."

A hankali furen ya buɗe. Genta ya zaro ido.

"Kaka, ashe bai mutu ba!"

"Barci gishiri ke sa shi. Ka ba shi ruwa kafin lokaci, ka kashe shi."

Washegari Kazue ta goya shi suka hau dutse, inda sanyi ke sa fure ya makara. Suka tarar da bishiya biyu ba su zubar ba, ta tsinko wasu furannin don ta sake jiƙawa a gishiri. Duk hanya yana tambaya, tana haki tana amsawa.

Ranar baiko, mahaifin ango ya kai kofi baki da sauri. Genta ya riƙe masa hannun riga.

"Baba, dakata tukuna. Furen bai gama tashi ba."

Dattijon ya ajiye kofin, ya jira.

Darasi: Yaron da ka hana amsa da baki, da hannunsa zai nemo ta, kuma kai za ka kwashi ɓarnar. Ku tura wa iyayen da "tafi ka yi wasa" ta zame musu amsar komai.