Mutumin da Ya Auna Fetur a Kan Gangare

Akwai wani mutum mai wata tsohuwar motar tsere, ƙaton inji gare ta, fulogi takwas. In ya tayar da ita da safe, kajin unguwa sai sun watse. Yana ƙaunarta ƙwarai, har matarsa takan ce da mota tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa.

Mutumin nan yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, makaniki ne, shekara talatin yana gyaran inji. Wata rana motar ta fara shaƙewa, sai ya kai masa ita gareji. Wan ya kwance kafireto, wato abin da yake gauraya fetur da iska kafin inji ya sha, ya wanke shi, ya mayar. Sa'an nan ya kira ƙanen ya nuna masa. A jikin kafireton akwai ɗan ƙoƙo inda fetur yake taruwa. A cikin ƙoƙon akwai fulot, wani abu marar nauyi mai iyo a kan fetur. In ƙoƙo ya cika, fulot ya taso ya toshe hanya. In ya ragu, ya sauka ya buɗe. A gefen ƙoƙon kuma akwai ɗan rami na dubawa, da noti a bakinsa.

Wan ya ce, “Ka ga ramin nan? Fetur ya zo bakinsa ya jiƙa shi kawai. Kada ya kasa, kada ya kwarara. Na daidaita maka, kada ka taɓa.”

To, kun dai san halinmu. Ka ce wa mutum kada ya taɓa, ai kamar ka miƙa masa sifana ne.

Ya koma gida, mota tana tafiya lafiya lau. Amma kashegari ya ce a ransa, “Bari dai in gani da idona.” Ya tayar da inji a tsakar gida, inda ya saba ajiye ta, ya kwance notin, ya leƙa. Ko ɗigo babu. Ya ce, “Ashe! Yaya ya matse wa motata wuya. Mutumin da ya saba da tasi da akori-kura, ina ya san injin tsere?” Sai ya kama wani notin, na murɗawa a daidaita fulot, ya murɗa, ya ɗaga fulot, ya ƙara ɗagawa, har fetur ya jiƙa bakin ramin.

Daga ranar mota ta rikice. Baƙin hayaƙi ta baya, warin fetur ta gaba, in ya taka birki sai ta mutu a tsakiyar titi, masu babur suna masa dariya. Ya ciro fulogi, ga su baƙi ƙirin. Ya goge, ya mayar, ya sāke aunawa a tsakar gida. Fetur yana nan cif a bakin rami. Sau uku yana aunawa, sau uku yana samu daidai.

Sai ya zauna ya yi lissafi irin namu. Ya ce, “Awo daidai yake, mota kuwa ba lafiya. To, kafireton nan ba nawa ba ne. Yaya ya ɗauke mai kyaun, ya sa mini ruɓaɓɓe.”

Ya daina zuwa gaida wansa. A coci, lokacin sujada, benci ɗaya suke zama tun suna samari, amma ya tashi ya koma can gaba. Lahadi uku ke nan. Daga bisani ya ƙudura cewa Lahadi mai zuwa, bayan an tashi, zai tsaya gaban dattawan ikkilisiya ya kira wansa ɓarawo. Maganar da in ta fita, har su tsufa ba za ta koma ba.

Ran Asabar da hantsi, ya ce bari ya auna sau ɗaya tak, don ya sami abin faɗa wa dattawa. Da ya gama, ya ce wa matarsa ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ta kawo a kwano, ta ajiye a ƙasa kusa da taya, ruwa ya karkata ya zube ta gefe ɗaya.

Ta ce, “Kai, wannan wuri! Baban Keziya, ban san abin da ka gani a nan ba. Ni ko ƙosai ba na soyawa a nan, man gyaɗa duk sai ya gudu gefe guda na kasko. Ka manta kai ka sa magina su karkatar da daɓen, don ruwan sama ya bi ta rariya?”

Mutumin ya dubi kwano, ya dubi mota.

Ya fitar da motar tana tari, ya kai ta wani fili mai siminti a bakin titi, inda ƙasa take shimfiɗe daidai. Ya kwance notin dubawa. Wayyo! Fetur ya yi ta bulbulowa har kan takalminsa. A gida motar a karkace take, fetur ya koma ɗaya gefen ƙoƙon, shi kuwa yana ta ƙara mata har tana shaƙewa. Ya fara sauke fulot kaɗan kaɗan, har fetur ya tsaya a bakin rami. Da ya duba da kyau, sai ga wani ɗan ɗigon jan fenti a kan notin murɗawa ya zo daidai da wani ɗigon a jikin kafireto. Alamar wansa ce, a daidai inda ya bar masa.

Inji ya ɗauka sumul, hayaƙi ya ɗauke. Mutumin ya zauna a bakin titi, ya ce, “Na gode maka ya Ubangiji da yau Asabar ce.”

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gareji. Ya durƙusa gaban wansa ya faɗa masa duka, har da maganar dattawa, bai rage kome ba. Wan ya daɗe yana goge hannu, sa'an nan ya ce, “Ni na zaci kunnenka ne ya fara nauyi, shi ya sa ka koma kusa da lasifika. Tashi, tashi, kada ka ɓata wandonka da baƙin mai. Ka ci abinci kuwa?”

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan ni ne, kai ne, ke ce. Idonsa bai yi masa ƙarya ba. Da gaske ramin a bushe yake, da gaske mota ta yi hayaƙi. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne inda yake tsaye. Tsakar gidan ita ce zuciyarmu. Mun daɗe a cikinta har ba mu jin karkatarta, mu ne kuwa muka karkatar da ita, da girmankai, da raini, da tsohon fushin da muka ƙi saki. A kan wannan daɓe muke auna 'yan'uwanmu, mu ce, “Ai da idona na gani.” Ko sau goma ka auna a wurin, sau goma za ka sami amsa ɗaya, duka kuwa kuskure.

Shimfiɗaɗɗen wurin shi ne gaban Allah, cikin Maganarsa da addu'a. Can ne ake ganin wane ne ya murɗa notin. Kada kuma ku raina bakin da Allah zai yi amfani da shi. Wannan bawan Allah dai, matarsa mai suyar ƙosai ce ta cece shi.

Na sani a cikinmu akwai wanda ya riga ya shirya maganar da zai faɗa a kan ɗan'uwansa, ya haddace ta sarai. Ɗan'uwana, ka yi murna, ba ka faɗa ba tukuna. Ka kai ta gaban Ubangiji ka sāke aunawa. In ka tarar hannunka ne ya yi ɓarnar, kada ka ji tsoron zuwa. Mai yiwuwa wanda ka guje wa yana nan a tsohon bencinku, bai bar kowa ya zauna a wurinka ba.