Wayar da Ke Ɗauke da Muryar Mama

Akwai wani mai gasa burodi da ake ce wa Sarkin Wuta. Mutumin kirki ne, amma fa akwai kunnen ƙashi.

Tsohuwar wayarsa ita ce ransa, domin a cikinta kaɗai muryar marigayiya mahaifiyarsa ta rage. Saƙo ɗaya ne tak: "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Tsoron kada wayar ta mutu ya sa kullum tana jone da caji a soket ɗin da ke jikin bangon tanderu. Ko ta cika ba ya cirewa. Har tawul yake lulluɓa mata saboda garin fulawa.

Yayarsa ta sha roƙonsa, "Auta, don Allah turo min muryar Mama."

"Gobe, Yaya. Guduwa za ta yi?"

Sannu a hankali wayar ta fara canzawa. In an cire ta daga caji, kafin ka ce kwabo cajin ya sauko ƙasa. In an taɓa ta, zafi zau. Daga baya murfin bayanta ya fara ɗagawa.

Wata rana mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shi ya shigo sayen burodi. Ya ɗaga tawul ɗin, ya ɗora wayar a kan tebur, ya taɓa ta da yatsa. Sai ta juya a kan cikinta kamar faranti.

Fuskarsa ta canza. "Maigida, batirin nan ya kumbura. Zafi da cajin da ba hutu ne suka cinye shi. Kawo ta yau in canza, in kwashe abin da ke ciki."

Sarkin Wuta ya yi dariya. "Shekara ashirin ina wasa da wuta, kai za ka koya min zafi? Kasuwa kake nema."

Ya mayar da ita caji, ya lulluɓe. Kai, jama'a!

Bayan kwana uku, da tsakar rana, wani wari ya ratsa ƙamshin burodi. Sai ƙara, tsss, daga ƙarƙashin tawul. Kafin ya kai hannu, hayaƙi ya turnuƙe. Da shebur ɗin burodi ya wurgo ta waje, maƙwabta suka zuba yashi.

Mai gyara ya tono ta, ya duba, ya girgiza kai. "Ta narke har ciki. Ba abin da zai fito."

Sarkin Wuta ya karɓe ta, yana tsaye da ita a hannu sai ga yayarsa ta iso, ba ta san abin da ya faru ba.

"Auta, yau dai ba inda zan je sai ka turo min muryar Mama."

Wallahi, ƙato da shi, durƙushewa ya yi yana kuka.

Darasi: Batiri ba ya son zafi, ba ya son zama a caji bayan ya cika, kuma in ya kumbura kada ka jira gobe. Jin maganar wanda ya san aikinsa ba ya rage maka girma. Ku tura wa wanda kuka san wayarsa ba ta rabuwa da soket.