Sanarwar da Aka Manna a Watan Yuli

An yi wani mutum a wannan gaɓa tamu ta Norway. Ba zan kama sunansa ba, don akwai danginsa a zaune cikin ɗakin addu'ar nan, kuma ba su suka kar zomon ba. Shi ne shugaban kwamitin filaye na ƙaramar hukumarmu. Ko rumfar kwalekwale za ka kafa, sai takardarka ta bi ta hannunsa.

Wani kamfani ya zo neman fili a bakin teku, zai jera tankunan kiwon kifin salmon. Suka yi wa mutumin nan alkawarin kujera a kamfanin, shi kuma ya nuna musu gangaren Gunnvor.

Ya 'yan uwa, wa bai san Gunnvor ba? Gwauruwar nan mai tumaki goma sha tara, wadda ta shekara hamsin tana yankan ciyawar gangaren da lauje, da farko ita da mijinta Torleif, daga baya ita kaɗai. Ba don ba ta iya ɗaukar tarakta haya ba ne. Kakanninmu sun bar mana doka: ba a hawa gangaren nan da nauyi, ba a sare bishiyoyin gindinsa, ba a haƙa ƙafarsa. Lakar da ke ƙarƙashi tana da ƙarfi in an bar ta. In aka taɓa ta, sai ta narke ta zama kunu.

Mutumin nan ya san haka. A nan aka haife shi. Ya kuma san in gari ya ji, gari zai ce a'a.

Doka ta ce a manna sanarwa mako shida, don mai ƙorafi ya kawo. To, yaushe ya manna? Ranar da hutun Yuli ya fara, lokacin da kowa ya kulle gida ya haye bukkarsa ta kan tsauni. A ina ya manna? A allon bayan ƙofar ofis, inda ake rataye rigunan ruwa. Da mutane suka dawo, wa zai ɗaga rigar wani don ya karanta takarda? Mako shida ya cika. Ya rubuta da hannunsa cewa babu wanda ya yi ƙorafi, aka karɓe gangaren da sunan amfanin jama'a.

Gunnvor ta je ofis da takalmin roba, ba ta ko goge ƙafa ba.

Ta ce, "Kai yaro, ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma, har ka jiƙa mini riga. Yau ni za ka yi wa wayo?"

Ya ce, "Haba Gunnvor, an fa manna. Kowa yana da ido."

"Gangaren nan zai tafi. Ya taɓa zamewa ya tafi da rumbun kakana, ka sani."

Ya yi dariya ya ce, "Tatsuniyar tsofaffi ke nan. Ki je ki huta, lokaci ya wuce."

Ta sayar da tumakinta a kakar nan. Ni na taya ta loda su a mota, tana kiran kowace da sunanta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar na roƙi Allah abin da bai dace mai wa'azi ya roƙa ba.

Katafila ta zo ta kwashe bishiyoyin gindin gangaren. Aka haƙa ƙafarsa aka binne bututun jawo ruwan teku. Aka jera tankuna takwas, kowanne ya fi ɗakin nan faɗi. Mutumin nan ya gina sabon gida a can sama, bangon gaba duk gilashi, don ya sha gahawarsa yana kallon kifinsa. Shekara biyu yana tafe kamar ƙasa ta ubansa ce.

Ai an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shi da katafila ya gina nasa.

Ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasa, ƙanƙara ta gama narkewa, an kwana uku ana ruwa. Gari duk yana filin makaranta da tutoci, har ma'aikatan tankunan. Mutumin nan ne mai jawabi. Yana tsaye a kan dandamali cikin kayan gargajiya, maɓallan azurfa suna walƙiya, yana magana a kan ƙaunar ƙasa. Sai ya ga babu mai kallonsa. Kowa yana kallon bayansa.

Ya waiwaya. Gangaren yana tafiya. Tankunan suka fashe ɗaya bayan ɗaya, gidan gilashin ya zamo a hankali, labule yana kaɗawa, ya shige teku. Bai ɗauki tsawon waƙa guda ba.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Kun ga aikin Allah? Mutumin nan ya jira ranar da gari ya watse ya yi ɓarnarsa. Ubangiji ma ya jira ranar da babu kowa a gangaren, ya ɗauki na mutumin kaɗai, a gaban idon duk waɗanda ya ɓoye wa takarda.

Mako uku muna kwasar mataccen kifi a bakin ruwa, warin har cikin burodinmu. Masu bincike suka tsinci wasiƙar injiniya a aljihun teburinsa na ofis, tana gargaɗi a kan lakar. Kujera ta tafi, kamfani ya ce bai san shi ba, matarsa ta koma wurin ƙanwarta a Bergen. Yanzu a ɗaki ɗaya yake, a saman shagon gyaran injin jirgi. In ya shiga kanti, hira takan mutu har sai ya fita.

Bara ya je ƙofar Gunnvor, hula a hannu. Ya ce, "Na zo ki yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Ka rubuta. Ka manna a bayan ƙofar ofis a watan Yuli. In na gani cikin mako shida, zan ba ka amsa." Ta rufe ƙofa.

Na san gafara ta fi. Na faɗa mata sau ɗaya, ban ƙara ba.

Ya 'yan uwa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda aka ba amanar ƙasa ya rufe bakin jama'a da dabara, kada ya ce ya bi doka. Allah ba ya tafiya hutun Yuli, kuma yana karanta abin da ke bayan riga. In akwai mai takarda a aljihun tebur a cikinku, ya fito da ita tun ƙasa tana ƙarƙashin ƙafarsa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar maƙwabci, ya kiyaye mu da ranar da za mu waiwaya. Amin.