Goran da Ba a Cika Ba

An yi wani mutum a nan Njamena. Ba za a kama sunansa ba, don har yanzu yana numfashi, kuma waɗanda suka san shi sun san shi. Dillalin shanu ne a unguwar Farcha. Da riƙon igiya ya fara a kasuwar dabbobi, Allah ya buɗa masa, har ya zama shi ke kai nama manyan otal-otal na gari. Mutane suka soma kiransa Alhaji. Bai taɓa taka Makka ba, amma kun san halinmu: da mutum ya sayi mota, mun gama yi masa aikin hajji da baki.

Kakansa na wajen uwa mutumin Damagaram ne. Ya taso da ƙafa shi da matarsa, da niyyar sauke farali. Suna isowa nan guzuri ya ƙare, cikin matar kuma ya tsufa. Ya ce bari su yi damina ɗaya a unguwar Ridina, ya yi ɗinkin hula, ya tara abin hanya. Damina ɗaya ta zama talatin. Gida nawa ne a cikinmu ba haka ya kafu ba? Har ya rasu, in aka tambaye shi mutumin ina ne, cewa yake: “Kan hanya muke.”

'Yar da aka haifa a wannan damina ta farko ita ce Iya Hanatu, uwar mutumin da muke magana a kansa. Abin da uban ya bar mata gora ne na ruwa, na duma, an naɗe shi da jar fata, igiyarsa ta yi baƙi don riƙo. Ya ce mata: “Da ruwan rijiyar gidanmu goran nan ya fito. Ki kai shi, ki cika shi da zamzam da hannunki. Ranar tafiyata za ta ƙare.”

Iya Hanatu ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Shekara ashirin da wani abu tana zaune a kasuwar Dembe, tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ba ta yarda da ajiyar kuɗi a ƙarƙashin gado ba. In ta tara, sai ta miƙa wa ɗanta ya saya mata maraƙi, ya haɗa a cikin garkensa. Har suka kai bijimai takwas. Makiyaya ma sun san su, shanun hajji suke ce musu. Ɗan kuwa sunan kakan aka sa masa, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Babana take ce masa.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan. Matar nan tana da lafiya, tana da guzuri, tana da niyya. Abu ɗaya ya rage, ɗanta ya sayar da shanu ya biya mata kujera.

A shekarar ne ya gama ginin sabon gidansa a Farcha, ba nisa da kogi. Yana da abokin hamayya a kasuwa, wani Ghali, wanda ya riga shi yin bene. Ran nan Ghali ya zo ganin gida, ya zaga, ya tsaya a filin baya, ya ce: “Ma sha Allahu. Wannan fili kuma na ɗaure awaki ne, ko na shanyar kilishi?” 'Yan rakiya suka yi dariya. Dariyar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta zauna a zuciyar mutumin nan shekara uku.

Ya tuna abin da yake gani a bayan otal in ya kai nama: tafkin wanka, wanda 'yan boko ke ce wa pisin, ruwa shuɗi garai-garai, ana hangen ƙasansa. Ya ce shi ma sai ya yi, don babu Bahaushen da ke da irinsa a garin nan. Ya nemo wani dattijo, Malam Salmanu, wanda ya tsufa yana gyaran irin waɗannan tafkuna.

Salmanu ya auna fili, ya murza ƙasar wurin a hannu, ya ce: “Alhaji, ka iya iyo?”

“Me ya haɗa ni da iyo? Ni kifi ne?”

“To, ka ji tun yanzu. Wannan ba rijiya ba ce da za ka haƙa ka huta. Baki ne za ka buɗe a bayan gidanka, kullum sai ka ba shi ya ci. Kuma ƙasar nan laka ce, ruwan kogi yana kwance a ƙarƙashinta. In ka cika shi, kada ka kuskura ka kwashe ruwan da damina.”

Ya ce: “Malam, aiki na kira ka, ba huɗuba ba.”

Aka haƙa, aka zuba siminti, aka manna tayil. Kuɗi suka ƙare kafin a sayi injin tace ruwa. Lokacin kuwa ana rubuta sunayen maniyyata. Ya tafi garke ya fitar da biyu daga shanun hajji. A ransa aro ya yi. Ya je Ridina ya durƙusa, ya ce: “Iya, bana kasuwar shanu ta faɗi. In na sayar yanzu asara ce. Mu bari sai baɗi.”

Ta dubi goran da ke rataye a ƙusa, ta ce: “Allah ya kai mu, Babana.”

Aka yi walimar buɗe tafki. Aka yanka raguna, aka jera kujeru a gefen ruwa, manyan 'yan kasuwa suka zauna da manyan riguna suna kallon ruwa kamar masu jiran jirgin fito. Babu wanda ya shiga. Ghali ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya ce: “Ko alwala ba ta yi da shi, warin magani.” Amma fuskarsa ta canja, kuma abin da mai gida ya biya ya gani ke nan.

Daga ranar bakin ya fara ci.

Injin tacewa yana son wuta sa'o'i da yawa kullum, wutar gari kuwa kun san ta, baƙuwa ce. Kwana uku babu wuta, ruwa ya juya kore kamar miyar kuka. Sai aka sayi injin wuta babba, shi kuma gazuwal, wato man dizal, yake sha kamar raƙumin da ya fito daga sahara. Maganin ruwa daga waje ake kawo shi a bokiti, ranar bazara kuma tana kashe ƙarfinsa kafin la'asar. Ita kanta ranar tana shanye gaɓar yatsa na ruwan kowace rana. Ya ce a ƙara daga burtsatsen gida, ruwan burtsatse ya haɗu da magani ya koma ja kamar shayi, dole aka koma sayen ruwan tanka. Ganye ya faɗa, a tsame. Yashin tacewa ya toshe, a canja. Inji ya ƙone, a jira wani daga Kamaru.

Mutumin da ke kallon bijimi sau ɗaya ya faɗi nauyinsa, ya koma tsayawa a bakin rami kowace safiya yana duban launin ruwa. In ya ga shuɗi ya karya kumallo da daɗi. In ya ga kore, ranar ko matarsa ba ta iya yi masa magana. Cikin shekarar nan wasu huɗu daga shanun hajji suka bi gazuwal da magani.

Da lokacin maniyyata ya sake zagayowa, ya ce: “Iya, bana kujeru sun yi kaɗan, sai mai hanya.”

Ta ce: “Habiba mai ƙosai ta samu. Wace hanya gare ta?”

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce: “Babana, gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Ɗawafi da ƙafa ake yi.”

Ya fito daga ɗakin yana zufa, ya rantse a ransa baɗi ko ta halin ƙaƙa. Kuma ya yarda da rantsuwarsa. Abin tsoron ke nan, ya 'yan uwa. Bai taɓa zama ya ce zan cuci uwata ba. Kullum cewa yake sai an jima.

Allah bai bar shi ba ƙofa ba. Otal ɗin da ya fi sayen namansa ya canja mai kawo kaya, samu ya ragu. Malam Salmanu ya gan shi yana rage awon magani, ya ce: “Alhaji, in gaya maka gaskiya ko in yi shiru?”

“Faɗi.”

“Na san wani mutumin Maraɗi mai kiwon tarwaɗa. Zai karɓi hayar ramin nan, ya biya ka shekara guda a dunƙule. Ba magani, ba gazuwal. Ka haɗa da abin da ya rage a garke, tsohuwa ta tafi bana.”

Alhaji ya hasko abin a ransa. Ya ga uwarsa cikin fararen kaya a filin jirgi, goran a kafaɗa. Sai kuma ya ga Ghali a rumfar dillalai yana cewa, Alhaji ya koma kiwon tarwaɗa. Ya auna biyun. Ya ce: “A gidana? A ji ƙarnin kifi a gidana? Malam, ɗauki kayan aikinka.”

Ya sallami Salmanu. Sauran shanu biyu suka riƙe ruwan shuɗi har farkon damina, sannan babu. Ruwa ya yi kore, ya yi baƙi, gansakuka ta rufe shi, kwaɗi suka tare, sauro ya hana maƙwabta zaman waje. Aka fara magana a masallacin unguwa. Ya ce to, a kwashe ruwan, a rufe da tamfol, duk wanda ya tambaya a ce gyara ake yi. Maganar Salmanu ta faɗo masa, ya ce tsoho ne mai neman a riƙa kiransa.

Shekarar kogi ya cika. Ruwan ƙasa ya taso, ya sami ramin siminti fanko, babu nauyin da zai danne shi. Wata safiya bayan sallah suka ji ƙara kamar an fasa dutse. Tafkin ya ɗago ta gefe guda, ya tsage biyu. Tsagar ta bi ta ƙarƙashin katanga, ta shiga ginin gida, ta hau bangon ɗakin baƙi har rufi. Kafin damina ta wuce, ƙofofi sun daina rufuwa, magina suka ce kowa ya fita.

Labari ya kai Ridina. Iya Hanatu tana kwance lokacin, ƙafafu sun kumbura. Ya shiga ya zauna a bakin tabarma. Ba ta tambayi gida ba. Ta ce: “Saura nawa a shanun?”

Ya ce: “Babu, Iya.”

Ta daɗe tana kallon rufi. Ta ce: “Makiyayi ya gaya mini tun bara. Jira nake in ji daga bakinka.” Ta juya fuska bango. Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Daga ranar dai ba ta ƙara ce masa Babana ba.

Da ciwo ya yi tsanani, Habiba mai ƙosai, wadda yanzu ake kira Hajiya, ta kawo ragowar zamzam ɗinta a 'yar kwalba. Ɗan ya miƙe ya sauko da goran, ya ce a zuba a ciki ko kaɗan ne, Iya ta gani da idonta. Tsohuwa ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

“Mayar da shi. Ba a ce a kawo ba. Cewa aka yi a kai.”

Ta yarda aka ɗiga mata a baki. Bayan kwana biyu aka kai ta makwancinta.

A zaman makoki kowa ya kawo nasa bayani. Wasu suka ce baki ne ya kama shi, hassadar 'yan kasuwa. Wane baki? Bakin da ya ci shi da kuɗinsa ya haƙa shi, ya manna masa tayil. Wasu suka ce laifinsa kwaikwayon Nasara, wurin tsiraici ya gina. Wane tsiraici, a ruwan da ko ɗan yatsan ƙafar mai shi bai taɓa shiga ba? Amma maganar da ta fi ciwo ita ce wadda aka yi ta maimaitawa cikin tausasa murya: hajji kira ne, Allah bai kira ta ba.

Ku ji tsoron Allah da wannan magana. Gaskiya ce, amma mun mai da ita bargon rufe ɓarna. Wanda ya ba matar nan lafiya shekara saba'in, ya ba ta ƙarfin zama a rana tana auna daddawa, ya raya mata maraƙi takwas har suka zama bijimai, me ya rage bai yi mata ba? Sau uku hanya tana buɗewa, sau uku ɗanta yana tsayawa a bakin ƙofa. In ɗa ya cinye amanar uwarsa, kada ku ɗora wa ƙaddara, ku kira abin da sunansa.

Kuma kada wani ya ce ai ni ba ni da tafki. Kana da shi. Motar da ta fi ƙarfinka, bikin da ka yi don a gani, ko wane abu ne da kake ciyarwa kullum don kada wane ya yi maka dariya, alhali mai haƙƙi a kanka yana jiran baɗi. Tambayi kanka me yake ci, kuma abincin wa kake ba shi. Tsofaffi ba su da baɗi da yawa.

Gidan Farcha an sayar da shi a kuɗin fili. Ghali ne ya saya. Ya rushe ginin, ya cike ramin da ɓaraguzansa, yanzu awaki yake ɗaurewa a wurin.

Mutumin kuwa ya koma ɗakin uwarsa a Ridina. Yana zuwa kasuwar dabbobi yana riƙe wa wasu igiya, kamar yadda ya fara. Har yanzu Alhaji ake ce masa, kuma duk wanda ya kira shi haka sai ka ga ya ɗan runtse ido. Goran yana nan a ƙusarsa, shi ne abin da yake fara gani in ya farka. Ya zuba tanka a kan tanka a rami don idon mutane, abin da bai fi kofi huɗu ba ya gagare shi.

Allah ya jiƙan Iya Hanatu, ya rubuta mata ladan niyyarta, ita da mahaifinta. Allah ya ba ɗanta tuba tun yana da numfashi. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga ciyar da girman kai da haƙƙin iyaye, ya kiyaye mu daga cewa baɗi. Amin.