Ƙumba da Mai Goyon 'Ya'yanta

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo, kunnuwanmu na buɗe.

Ƙumba ce, mai ɓawo biyun nan da ke kwance cikin laka a gindin kogi. Ba ta da bayan goyo, 'ya'yanta kuwa ba sa rayuwa sai an goya su. Duk damina kifin nan Karfasa ke zuwa, yaran su maƙale mata a wurin numfashi, ta yi ta yawo da su har su isa yaye.

Wata rana Karfasa ta ce, "Yaya, yaran nan suna shaƙe ni. Ko sannu ba za ki ce mini ba?"

Ƙumba ta ce, "Sannun me? Kifi ya ƙare a kogi ne?"

Ba a jima ba Ƙumba ta hango inuwar tarun masunta tana saukowa kan Karfasa. Da ta ce "Gudu!" da Karfasa ta tsira. Sai ta ja ɓawonta ta rufe bakinta gam. Aka kwashe Karfasa da danginta kaf.

Da damina ta dawo, Ƙumba ta kira Tarwaɗa. "Ƙanwata, zo ki goya mini."

Tarwaɗa ta ce, "Zubo su."

Ta zuba. Jikin Tarwaɗa santsi, ko ɗaya bai kama ba, ruwa ya tafi da su.

Har yau Ƙumba tana nan ta tsufa, ba ɗa ba jika a kusa da ita. Duk inuwar da ta gifta sai ta buɗe baki ta ce sannu, ba mai amsawa.

Ƙurunƙus kan busasshiyar karfasa.