Ranar da Jatau Ya Hana Tanko Goyo

An yi wani jan biri mai suna Jatau, yana zaune da iyalinsa a kan wata babbar tsamiya a bakin rafi. Jatau akwai girman kai. Matarsa Dela kuwa haƙuri gare ta. A gindin tsamiyar akwai ramin Kurege, wanda bakinsa ba ya shiru.

'Ya'ya mata uku Dela ta haifa kafin ta samu namiji, aka sa masa suna Tanko.

A wannan daji, ƙananan birai mata sukan tsinci 'ya'yan kuka su rungume kamar jarirai. Mazan kuma kokawa da tsere. Ba wanda ya koya musu, haka suke tashi. Tanko ma yana kokawa, amma da yake cikin yayyensa ya girma, shi ma yana da nasa ɗan kukar. Yakan tallafe shi da hannu ɗaya, ya hau reshe a hankali don kada ya faɗi.

Wata rana Kurege ya leƙo daga rami ya ce, "Jatau, ashe 'yan mata huɗu gare ka? Ga ta huɗun can tana raino."

Ran Jatau ya ɓaci. Ya dira gaban Tanko, ya fizge ɗan kukar ya wurga cikin rafi.

"Baba, barci yake yi," in ji Tanko, hawaye na zuba.

"Rufe mini baki. Namiji ba ya goyo. In na sake ganinka, sai jikinka ya gaya maka."

Dela ta ce, "Maigida, wasa ne fa. Me ya rage masa?"

"Ke da 'ya'yanki kuka ɓata shi. Daga yau kokawa kawai zai yi."

Tanko ya yi kwana uku yana leƙen rafi, daga nan ya daina. Ya girma ya zama gwanin kokawa, ba mai kai bayansa ƙasa. In aka miƙo masa jariri sai ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Jatau kuwa sai yawo yake yana cika baki.

Bayan yayyen Tanko sun yi aure sun koma ƙetaren rafi, Dela ta sake haihuwar ɗa namiji, ɗan mitsitsi. Kwana biyar da haihuwa, tarkon wani manomi ya kama hannunta, ta tsira da ƙyar, hannun ya kumbura.

Ana cikin haka mafarauta suka cinna wa daji wuta. Hayaƙi ya turnuƙe tsamiya, dole a tsallaka rafi ta kan rassa. Jatau ya ɗora Dela a bayansa, ya ce, "Tanko, ɗauki ƙanenka."

Tanko ya tsaya yana kallon jaririn. "Baba, ta ina ake riƙe shi?"

"Ɗauke shi kawai, wuta ta iso!"

Tanko ya damƙi jaririn ta hannu, yadda yake damƙar abokin kokawa, ya yi tsalle. A tsalle na biyu jaririn ya suɓuce, ya faɗa kan dutsen bakin ruwa. Sun ɗauko shi da rai, amma ƙafarsa ta karye. Ta warke a karkace, bai taɓa iya hawa bishiya da kansa ba.

A ranar da abin ya faru, Jatau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Tanko ya ce a hankali, "A da na iya, Baba. Ina ƙarami na iya."

Jatau ya juya ya ɗauki jaririn.

Tanko bai ƙara iya haɗa ido da ƙanensa ba. Kafin damina ta faɗi ya bi wani garken birai zuwa kudu. Jatau ya yi ta aika saƙo ta bakin tsuntsaye cewa laifin nasa ne, ba na Tanko ba. Amsa ba ta zo ba. Kullum da yamma yakan zauna a reshe mafi tsawo yana duban kudu, har idanunsa suka daina gani da nisa.

Darasin wannan labari shi ne, gaskiya ne maza da mata sukan taso da irin wasan da ransu ya fi so, amma gida na iya faɗaɗa wa yaro hanya ko ya ƙuntata masa. A wasa yaro yake koyon abin da zai yi amfani da shi gobe. Duk wanda ya hana ɗansa wasa marar cutarwa don gudun bakin maƙwabta, yana iya neman abin da ya hana a ranar da babu shi.