Ƙahon Tilred Falken Gishiri

An ruwaito a littattafan mutanen dā cewa a ƙasar Ingila, zamanin Saksawa, akwai wata doka: duk baƙon da ya bar hanya ya ratsa kurmi, to ya riƙa busa ƙaho ko ya yi ta ihu. Wanda aka kama yana tafiya shiru, ɓarawo ne, hukuncinsa kisa.

Wata rana dakarun Sarki Hunwald suka kamo wani falken gishiri, Tilred, yana sanɗa cikin kurmi, rungume da ƙahonsa naɗe cikin mayafi. Aka gurfanar da shi gaban Sarki.

Sarki ya ce, "Kai baƙo, ga ƙaho a hannunka, me ya hana ka busawa?"

Tilred ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, baƙi ne suka sauka a ƙahon. Da hantsi na kwanta gindin wata bishiya, na rataye shi a reshe. Ina farkawa na tarar uwar zuma ta tare a ciki da jama'arta kaf. In na busa, bakina ya shiga uku, in na yi ihu, su watse. Na kuma ji a kasuwa cewa amyoyin Sarki sun mutu bara, fada ba zuma. Sai na naɗe su, na yanko ta kurmi, ina tafe a hankali."

Waziri Garmund, mutum mai gaggawa da son a yaba masa, ya kece da dariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo bai taɓa rasa labari ba. Bari in busa masa ƙahon, ya ji yadda ake yi!"

Kafin Tilred ya ce kada, Waziri ya fizge, ya warware mayafin, ya cika kumatu ya busa. Ƙaho bai yi ƙara ba, amma Waziri ya yi, har aka jiyo shi a bakin kogi. Fadawa suka dare, Sarki ya shige ƙarƙashin teburi yana dariya har da hawaye.

Da yamma Tilred ya lallaɓa zumar ya zuba a amya. Sarki ya yafe masa, ya cire mundayen zinariya daga damtsensa ya ba shi, da sabon ƙaho. Ya ce wa Waziri ya yi wa baƙo barka, amma leɓɓan Waziri da suka kumbura kamar gurasa saboda harbin zuma suka ƙi motsi.

Masu hikaya suka ce, tun daga ranar ba a ƙara yanke wa kowa hukunci a fadar nan ba sai an ji ƙarshen zancensa, kuma Waziri ne ya fi kowa nacewa a kan haka.